Kun Ba Ɗaki Biyu Mabuɗi Ɗaya, Ɗiyata Ta Yi Shiru

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ke riƙe da layin wayar lafiyar mata a ƙasar Isa da Sabon Birni,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka, ina yi maka barka da aiki. Ranka ya daɗe, ba ka san fuskata ba, ni ma ban san taka ba. Ni mazauniyar Isa ce, na ƙare sakandare, na daɗe ina koyar da matan aure a Islamiyyar unguwarmu. Na zaɓi in rubuto maka a fili ne domin na riga na je ofishinku na Sakkwato. An karɓe ni da mutunci, an ba ni kujera da ruwan sanyi, an yi mini bayani. Amma abin da na je nema ban dawo da shi ba, kuma wadda nake magana dominta ba ta da lokacin jira.

Za ni fara da alherinku, don kada a ce na manta. Kowa ya san yadda hanyoyinmu suka zama. Mace mai ciki ba ta hawa babur daga Tsamaye ko Burkusuma sai dole ta yi dole. Da kuka buɗe layin nan, mace ta kira daga ɗakinta ta faɗa wa ma'aikaciyar jinya damuwarta, na yi murna ƙwarai. A farkon kowane kira akwai muryar wata mata da ke cewa babu mai jin maganarki sai Sista, ko masu na'urar ba su iya ji. Na yarda da wannan murya. Na maimaita maganarta a gaban ɗalibaina, na ce su kira ba tsoro. Da bakina na yi muku talla, ba wanda ya sa ni.

Na farko, ga abin da ya faru.

Ina da 'yar fari da ke aure a Tsamaye. Ba za ni rubuta sunanta ba. Ko ba don rufin asiri ba, ban taɓa kiran sunanta da bakina ba tun ranar da aka raɗa shi, haka muka gada. A hannun kakarta ta tashi. Ni da ita ba mu zama mu yi hirar jiki, ba ma haɗa ido da daɗewa. Ko wannan "ɗiyata" da na sa a saman takarda, sai da alƙalami ya yi mini nauyi. Ta yi ɓari sau biyu. Da Allah ya sake ba ta, sai ta ɓoye, kamar yadda duk mai hankali take yi a watannin farko, balle wadda ta riga ta sha "Allah ya ba da mai amfani" har sau biyu. Mijinta kaɗai ya sani, sai Sistar layinku. Ni kaina ban sani ba. Ni ce dai na aika mata da lambarku ta hannun ƙanwata tun bayan ɓari na biyu, domin na san abin da ba za ta iya faɗa mini ba za ta faɗa wa baƙuwar da ba ta ganin fuskarta.

A farkon damina aka yi suna a dangin mijinta. Tana sauke tulu a tsakar gida, mata cike, sai gwaggon mijin ta ɗaga murya ta ce, "Ke aje tulun nan! Mun ji labari ai. Wanga karon ki zamna wuri guda, kuma ki sha maganin da Sista ta ce, ba ki riƙa tsallakewa ba." Wata ta yi guɗa. Wata ta ce ashe shi ya sa take ƙin miyar kuka. Yarinyar ta tsaya da gammo a hannu, ta rasa inda za ta sa ido. Maganar tsallake magani ita ce ta kashe mata jiki, domin ko mijinta bai san da ita ba. A waya kaɗai ta faɗe ta.

Da na rubuta wannan ban tona komi ba, duk Tsamaye an sani. Akwai sauran abubuwan da ta faɗa wa Sista waɗanda ban sani ba, ban kuma nemi sani ba. Ita ma ba ta san nawa ne daga cikinsu suka fita ba. Wannan rashin sanin shi ne ke cin ta.

Na biyu, ga bayanin da aka yi mini, ka gyara mini idan na kauce.

Injiniyanku da ya yi mini bayani a Sakkwato mutum ne mai haƙuri, bai raina ni ba, kuma ina roƙon kada a tsangwame shi don ya faɗa mini gaskiya. Ya ce ku ba ku da kwamfuta taku ta daban. Akwai wata babba da kuke haya a cikinta, an raba ta kamar gidan haya, kowane ɗan haya da ɗakinsa, kowane ɗaki yana aiki kamar cikakkiyar kwamfuta mai zaman kanta. Akwai manhajar da ke raba ɗakunan tana kula da su, ya kira ta haifabaiza, ni kuwa na ce mai gidan haya ke nan, ya ce haka ne. Ya ce duk abin da ɗaki ke aiki da shi a lokacin, har da muryar mace tana cikin magana, yana zaune a ƙwaƙwalwar na'urar a hargitse. Wanda ba shi da mabuɗin ɗakin, ko ya leƙa ba zai ga komi ba sai shirme. Kowane ɗaki da mabuɗinsa, kuma ko mai gidan ba a ba shi ba. A kan wannan ne matar nan ta farkon kira take yi mana alkawari. Har nan na gamsu, na ma yaba.

Sai ya ce kun so ku ƙaura daga wannan babbar kwamfuta zuwa wata. Tun da mai gida ba ya iya ganin kayan ɗaki, ba zai iya ɗaure muku su ba. Don haka aka gina wani ƙaramin ɗaki a jikin naku, aka ba shi mabuɗi iri ɗaya da naku, aka buɗe ƙofa tsakaninsu, domin mai taimakon ƙaura ya ga kayan ya kwashe. Ya ce wannan dabara ce sananniya, an yi ta don amfani, kuma ƙa'ida ita ce da an gama ƙaura a rushe ƙaramin ɗakin.

To ƙaurar ba ta yiwu a lokacin da kuka sa ba. Aka ɗage, aka sake ɗagewa. Ƙaramin ɗaki yana nan tsaye da mabuɗinmu a jikinsa. Ana cikin haka mata suka yi ta ƙorafin cewa sauti na yankewa. Kuka ɗauko masu gyara daga waje, wani ya ga cewa hanya mafi sauƙi ta jin yadda sautin ke fita ita ce ta wannan ƙaramin ɗaki, sai aka ba su izinin shiga. Aka nemi wanda yake jin Hausarmu ta nan sosai don ya saurara. Aka samu wani matashi ɗan ƙasar Sabon Birni da ke aiki a Sakkwato. Allah cikin ikonsa, taubashin mijin ɗiyata ne. Ta faɗi garinsu, ya gane muryar.

Na tambayi injiniyan, shin da aka ba ƙaramin ɗakin mabuɗi, an san duk abin da babban ɗaki ke gani shi ma zai gani? Ya ce an sani, don haka ma aka yi shi. Na ce to da aka ba masu gyara izini, an tuna da wannan? Ya ce, "Hajiya, wanda ya gina ɗakin daban, wanda ya ba da izinin daban." Na gode masa. Amsar ta ishe ni.

Na uku, maganar saƙon da kuka turo.

Bayan na koma gida saƙo ya shigo wayoyin mata, cewa an samu ɗan kuskure na fasaha, an gyara, babu wanda ya yi kutse, kuma mabuɗin bai taɓa fita hannun da ba a amince da shi ba. Ranka ya daɗe, na karanta shi sau da yawa, ban samu ƙarya a cikinsa ba, kuma ban samu gaskiyar da muke buƙata ba. Lallai ba a yi kutse ba. Wa zai haura katanga alhali an buɗe masa ƙofa an ce bismillah? Lallai mabuɗi bai fita hannun da kuka amince da shi ba. Amma ku ne kuka amince, ba mu ba. Yarinyar nan da Sista ta yi alkawari, ba da mai gyaran sauti ba.

Ni abin da nake koya wa ɗalibaina a kan amana shi ne, wanda aka ba ajiya ba shi da ikon ƙara mata mai gadi sai da sanin mai ita, ko da sabon mai gadin ya fi kowa tsoron Allah. A unguwarmu idan mace za ta yi tafiya ta bar mini mabuɗin ɗakinta, ba na kai shi wurin maƙeri in yanko na biyu don in sauƙaƙa wa kaina shara. Idan har dole ta sa na yanko, to ranar da buƙata ta ƙare ranar nake karya shi, kuma tana dawowa kafin ta sha ruwa za ni faɗa mata. Ku kun yanko na biyu da dalili mai kyau, ban musa ba. Laifinku shi ne kun bar shi a rataye har kuka manta da abin da yake buɗewa, sannan da abin ya fito kuka kira shi ɗan kuskure.

Kuma ku lura da inda kuke aiki. Wataƙila a babban birni idan baƙo ya ji muryar mace ba zai san ko wace ce ba. Nan ba haka ba ne. Daga Tozai zuwa Burkusuma, idan ka bi dangi sai ka tarar kowa ɗan'uwan kowa ne. Ku da kanku kuka nemi wanda ya fi kowa jin harshenmu. Ai wanda ya fi jin harshenmu shi ne ya fi sanin muryoyinmu. Wannan ba sai an yi karatun kwamfuta ba kafin a gane shi.

Na huɗu, matashin nan.

An ce mini kun sa an sallame shi. Ban roƙi haka ba, kuma bai wanke ku ba. Ya yi laifi, na je gidansu na faɗa wa mahaifinsa a gabansa, ban rage komi ba. Amma na ji ta bakinsa. Ya san ɓarin da ta yi, ya ji ta ce tana ɗaukar ruwa daga rijiya kuma tana tsallake magani, sai ya kira gwaggo ya ce a hana ta aiki mai nauyi. A ganinsa taimako ya yi. Na ce masa kunnen da ya ji abin da ba nasa ba, taimakonsa shi ne ya yi shiru ya kai ƙara wurin da aka sa shi aikin. Ya sunkuyar da kai, ya ce ba wanda ya gaya masa muryoyin na mutanen gaske ne sai da ya fara ji. Idan haka ne, ku kuka zaunar da shi a inda bai kamata kowa ya zauna ba. Korarsa ba ta rushe ɗakin ba.

Na biyar, kuma shi ne dalilin wannan takarda.

Cikin ya shiga wata na bakwai, ta zo gida goyon ciki, tana ɗakin da ke kallon nawa. Tun ranar sunan nan ba ta sake kiran layinku ba. Ta cire lambar daga wayarta. Muna kai ta awo a nan Isa, ba mu yi sakaci ba, amma duk abin da aka tambaye ta sai ta ce lafiya lau. Ma'aikatan 'yan gari ne, ta san su, sun san mu, kuma yanzu gani take duk maganar da ta bar bakinta sai ta iske ta a gidan suna. Sistar layinku ce kaɗai ta san tarihinta tun daga ɓarin farko, ita kaɗai take buɗe wa baki.

Ni kuwa ido nake sa mata. Na ga takalminta ya daina shiga. Na ga tana ɗaure goshi da kallabi tamau. Wata rana da hantsi ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi ta kauce masa, kamar ba ta gan shi daidai ba. Ban iya tambayarta kai tsaye ba. Na juya ina kallon murhu na ce, wasu mutane idan kansu na ciwo faɗa suke yi. Ta ce, "Ba komi, Inna." Iyakar hirarmu ke nan.

Sai na ɗauki wayata na kira layinku da kaina, ni da na daina haihuwa tun tuni. Na ce wa Sista ina magana ne a madadin wata. Na faɗi abin da idona ya gani. Ta tambaye ni ko yarinyar na ganin walƙiya a idonta, ko tana jin zafi a ƙarƙashin haƙarƙari, ko ɗan na motsi kamar da. Ban san ko ɗaya ba. Ta ce a auna jininta a ranar, aka auna, ya hau, aka ba da magani. Ta kuma ce, "Mama, irin wannan ciwon ba a jin sa ta bakin wani. Sai na ji daga gare ta, don akwai alamar da in ta zo ba a kwana a gida." Na ce na ji.

Tun daga nan haka muke. Ni ina kallo ina kira, Sista tana tambaya ina cewa ban sani ba, mai ciwon tana ɗaki ta yi shiru. Na karya kunyar da na riƙe tun ina amarya, na zauna a bakin gadonta na tambaye ta da bakina. Ta rufe fuska da mayafi ta yi hawaye. Ban ga laifinta ba. Mu muka tarbiyyantar da ita a kan kada ta faɗa mana, ku kuka ce ta faɗa muku, sannan kuka bar ƙofa a buɗe. Yanzu ba ta da wurin faɗa, jininta kuwa yana hawa.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kamar haka.

Ku rushe wancan ƙaramin ɗaki idan har yana nan, ku canja mabuɗin ɗakin mata gaba ɗaya, domin injiniyanku bai iya tabbatar mini an canja shi ba. Duk ranar da ƙaura ta sake kama ku, ku gina ɗakin taimako a ranar, ku rushe shi a ranar, kuma wanda ya gina ya zama shi ne mai amsa tambaya a kansa har ya rushe. Idan kuna son gwada sauti, ku sa ma'aikatanku su kira layin su yi ta faɗin farashin gero da dawa, ku saurara har ku gaji. Ba sai da kukan matan mutane ba.

Ku faɗa wa matan da suka kira a wancan lokaci gaskiya, da murya, da Hausa, domin da yawansu ba su karanta saƙo. Ku ce musu an ji, ku faɗi wanda ya ji da iyakar abin da ya ji. Kuma matar nan ta farkon kira, ko dai ku mai da maganarta gaskiya ko ku cire ta. Ni na riga na tsaya a gaban ɗalibaina na janye shedar da na yi muku, kuma ba za ni mai da ita ba sai na ga an gyara.

Roƙona na ƙarshe ya fi sauran gaggawa, kuma ba ya buƙatar taro. Da zarar an canja mabuɗin, ku ba Sistar nan da ta san tarihinta izini ta kira wayata, ita da kanta, ba wata ba. Ta faɗa wa yarinyar abin da ya faru ba tare da ado ba, ta faɗa mata iyakar abin da aka ji daga maganarta, ta ba ta haƙuri da sunanku, sannan ta yi mata tambayoyin da ni ba ni da amsarsu. Ban tabbata za ta buɗe baki ba. Amma idan akwai muryar da za ta sa ta magana, wannan ce. Lambata tana wurin injiniyanku. Ku yi shi cikin makon nan, don Allah.

Ni kuma ga nawa alkawarin. Idan wayar ta yi ƙara, za ni ajiye ta a bakin ƙofarta, in kori yara, in ja ƙyauren gida, in tafi maƙwabta in zauna har a gama. Ni na haife ta, kuma ba wanda ya kai ni son sanin abin da ke damunta, amma ba za ni saurara ba. Abin da nake nema daga kamfaninku bai wuce wannan ba.

Allah ya ba ka ikon riƙe amanar da ka ɗauka, ya rufa maka asiri kai da zuriyarka, ya sa aikin nan ya zama sanadin alheri gare ka ranar da za a tambayi kowa abin da aka ba shi ajiya. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu.

Ina sauraron ƙarar waya. Wassalam.

Wata uwa,
daga Isa.